Ƙugiyoyin da Na Rufe wa Maksiki

Ƙa'ida uku nake da su a shagona, kuma a wurin mahaifina na gaje su tare da allurai. Ta farko, ba na ɗinka zanen da ban san asalinsa ba. Ta biyu, ba mai ganin aiki sai an gama. Ta uku, duk layin da allura ta fara, sai ya zagayo ya koma inda ya fito. Shekara arba'in da wani abu ina zaune a Madina ina yi wa riguna aikin hannu, ban taɓa karya ko ɗaya ba, sai da na gamu da wata tsohuwa wadda har yau a waya kaɗai na san ta. Zan faɗi yadda abin ya faru bi da bi.

Mahaifina Bazazzagi ne. Ya zo hajji da ni ina saurayi, muka zauna, a nan kuma aka binne shi. Shagon ɗan ƙarami ne a Harra ta Yamma, a kan layin da ke fita zuwa masallacin Ƙiblatain. Yawancin masu kawo mini aiki likitoci ne da malaman jami'a daga gida, masu son babbar riga ta salla, aska biyu ko aska takwas, da tambari a baya. Sai kuma 'yan uwanmu haifaffun nan, waɗanda ke son ɗan ado kaɗan a wuyan tob, wato doguwar farar rigar Larabawa.

Wata rana bayan la'asar wani likita ɗan Kano da na daɗe ina yi wa aiki ya shigo da baƙo. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, zai yi shekara talatin da biyar, da ɗan gemu.

"Baba, ga baƙo na kawo maka," in ji likita. "A asibitinmu yake gyaran na'urori. Kowa Maksiki yake ce masa."

"Daga Meksiko yake?"

"A Teksas ta Amurka aka haife shi. Iyayensa ne 'yan Meksiko."

"To ai Ba'amurke ne."

"Baba, kai ma shekara arba'in kana nan, har yau Bazazzagi ake ce maka."

Na ce su zauna, na zuba shayi.

Larabcin Maksiki na littafi ne, irin wanda in ka ji sai ka gyara zama kamar za a fara huɗuba. Amma muna fahimtar juna. Ya kira ni ya ammi, wato kawu, tun daga ranar har yau. Ya fito da wani ƙyalle daga jaka ya shimfiɗa a kan tebur da hannu biyu. Saƙar ulu ce, faɗin tafin hannu, tsawon kamu biyu, ja da fari, ta tsufa sosai. Zane ɗaya ne ake ta maimaitawa a jiki. Layi zai hau kamar matakala, hawa huɗu, daga nan ya lanƙwasa ciki kusurwa bayan kusurwa kamar ƙugiya, sai ya tsaya. Na gaba ya ɗauka daga gindinsa.

Ya ce yana so in sa masa wannan zanen a wuyan tob da gaba da bakin hannuwa. Na tambaye shi dalili, domin ba na karɓar aiki a makance.

Ya ce mahaifiyarsa mai zanen bango ce. A garinsu mutanensu suna zana bangon makaranta da na kasuwa da na unguwa, su sa tarihin kakanninsu a ciki, masara da manoma da tsofaffin alamomin da aka samu a jikin duwatsu. Tun yana ƙarami yake riƙe mata tsani, da ya girma ya zama shi ke zana fuskoki da gefen bango. Da ya musulunta ya daina zana fuska. Ita kuwa ta ce masa ya zubar da ita ne da kakanninsa duka. Shekara uku ke nan, in ya kira ba ta ɗauka, sai ta rubuto masa kalma biyu cewa tana lafiya. Amma ranar da zai taho Madina, da ya buɗe akwatinsa, sai ya tarar da wannan ƙyallen a ciki. Saƙar kakarsa ce. Ba takarda, ba komai.

"Yanzu tana gama bango mafi girma da ta taɓa yi," ya ce. "Nan da wata guda za a buɗe. Zan je. Ina so ta gan ni da rigar nan, ta ga zanen uwarta a jiki. In ta juya mini baya a ranar, ya ammi, ban san ta inda zan sake ɓullo mata ba."

Na ce na ji. Amma akwai tambaya uku.

Ta farko, wa ya fara zanen? Ya ce ba wanda ya sani. Akwai shi a jikin wani tsohon ginin dutse a yankin Wahaka, can kudancin Meksiko, wanda aka gina tun Turawa ba su san akwai ƙasar ba. Masaƙan yankin har gobe suna saƙa shi, masu zanen bango irin mahaifiyarsa kuma sun haye da shi Amurka.

Ta biyu, ana bauta masa? Ya ce ba zai ɓoye mini ba, mutanen da suka yi ginin suna da gumakansu. Amma wannan zanen ba fuska ba ne, ba gunki ba ne. Wasu sun ce ruwa ne, wasu dutse, wasu gajimare. Kakarsa a jikin bargo take saƙa shi.

Ta uku, jan nan, jini ne? Likita ya ƙware da shayi. Maksiki ya ce wani ɗan ƙwaro ne da ke zama a jikin itacen barshumi, mai 'ya'ya masu ƙaya irin wanda ake kawowa daga Ɗa'if. Ana busar da shi a niƙa, ya ba da ja. Na ce ni dai da zaren kasuwa zan yi. Sa'an nan na ce ya ba ni kwana uku in yi tunani.

A gida na ba mai ɗakina labari muna cin abincin rana. Ta saurara har na gama, tana ɓare lemo.

"Malam, dagin nan da kake ɗinkawa tun kafin ka auro ni, wa ya fara shi?"

"Kakanni."

"Sun yi salla?"

"Wannan wace irin tambaya ce?"

"Irin taka ce. Tambarin fa? Ka taɓa tsare shi ka yi masa tambaya uku?"

Autarmu, wadda ke jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ta ce, "Sahh, ya ummi," wato gaskiya ne, mama, ta tashi da kwano tana dariya. Na ce abinci ake ci, ba shari'a ake yi ba. Amma maganar ta zauna mini, domin gaskiya ne ban san wanda ya fara dagi ba, mahaifina ma bai sani ba. Washegari na kai wa limamin masallacinmu ƙyallen. Ya juya shi, ya ce bai ga siffar mai rai ba, bai ga alamar bauta ba, ado ne. Na karɓi aikin.

A makon nan aka tura Maksiki Khaibar, ya yi mako biyu yana haɗa na'urori a wani asibiti a can. Ya bar mini ƙyallen da sabon tob. Ya ce in turo masa hoto in na fara. Na ce a nan ba a ganin aiki sai an gama.

Na fara da zayyana a takarda, kamar kullum. Matakalar ba ta ba ni wuya ba. Ƙugiyar ce ta tsaya mini a rai. Kowace ɗaya layin zai lanƙwasa, ya lanƙwasa, sai ya tsaya a sarari, bai taɓa komai ba. A wurinmu wannan aiki ne da ba a ƙarasa ba. Dagi ba shi da kai, ba shi da wutsiya, za ka bi shi da yatsa har ka gaji ba ka ga inda ya tsinke ba. Mahaifina yakan ce layin da bai koma gida ba ɓatacce ne. Na zauna na yi lissafi irin na masu sana'a. Na ce wannan saƙa ce, ita kuwa masaƙa tana da iyaka, akwai inda ba ta iya kai zare. Kakar tasa, baiwar Allah, ta so ta rufe, masaƙa ta hana ta. To abin da masaƙa ta kasa, allura za ta iya. Sai na ƙara wa kowace ƙugiya ɗan layi guda, na haɗe bakinta da jikinta, ta zama kamar ɗan ɗaki a cikin ɗaki.

Kwana goma sha ɗaya na yi. Ƙugiya arba'in da huɗu, da jan zare mai duhu da na zagaya shaguna huɗu kafin in samu. Ɗinkin sarƙa ne, ƙanana, ba wanda ya fi wani. Ba zan ɓoye ba, da na gama na rataye rigar, na ja baya na dube ta, na ji daɗin kaina. Har na ce a raina da kakar tana raye da ta gode mini.

Maksiki ya dawo da kwalin dabinon Khaibar, saura kwana shida ya tashi. Likita ya rako shi. Na sauke rigar na shimfiɗa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ɗora yatsa a kan ƙugiya ɗaya, ya matsa zuwa ta gaba.

"Ya ammi, ka rufe su."

"Na ƙarasa su."

Ya dubi likita, likita ya dubi rufin shago. Sai Maksiki ya zauna a kan benci ya yi dariya har da hawaye, daga nan dariyar ta tsaya.

"Aikin ya yi kyau, wallahi. Amma in mahaifiyata ta ga haka za ta ce ga shi nan, abin da suke yi ke nan a can, ko zanen uwata sai da suka gyara shi."

Na ce to a tambayi mai abu, ita za ta raba gardama. Ya ce ai ba ta ɗaukar waya. Na ce ya ɗauki hoton wuyan rigar ya tura mata, kada ya rubuta komai. Ya ɗauka ya tura. La'asar ce a wurinmu, su kuma can safiya ce.

Shayin da na zuba bai huce ba wayar ta yi ƙara, kiran da ake ganin fuska. Ya yi wuf ya ɗauka. Sai ga tsohuwa mai furfura ta ɗaure kai da jan ƙyalle, tabarau a kan hanci, shuɗin fenti a yatsunta. Ba ta gaishe shi ba. Ta fara magana da Sifaniyanci kamar ana zuba tsakuwa a faranti, ba ta tsaya ba sai da numfashinta ya ƙare.

"Me ta ce?"

"Ta ce tana gaishe ka."

"Ɗana, duk wannan gaisuwa ce? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Sai ya ce, "Ta ce wa ya rufe mata ƙofofi. Ta ce hannun na gwani ne, amma mai hannun ba ya tambaya."

Na ce ya gaya mata tambaya uku na yi kafin in taɓa allura. Ya gaya mata. Ta amsa da kalmomi kaɗan.

"Ta ce ka manta ta huɗu."

Likita ya fita waje, ina jin dariyarsa a bakin ƙofa.

Na karɓi wayar na riƙe da kaina, Maksiki ya tsaya a bayana yana fassara. Na yi mata bayanin masaƙa da iyakarta, dalla-dalla, yadda na lissafa. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba, na kuwa ga ƙimarta a nan. Sannan ta ajiye wayar, muka ga rufin ɗakinta na ɗan lokaci, ta dawo da wani tsohon hoto ta manna a gaban wayar. Bango ne na dutse. Ƙananan duwatsu aka sassaƙa aka jera, ɗaya kan ɗaya, suka ba da matakala da ƙugiya, layi bayan layi tun daga ƙasa har sama. Kowace ƙugiya a buɗe take.

"Ta ce wannan ba masaƙa ba ce. Magini da ya so rufewa, dutse ɗaya kawai zai ƙara."

Na duba sosai. Gaskiyarta ce. Mutumin da ya iya jera duwatsun nan bai rasa dutse ɗaya ba.

Ta ce masu ilimi suna ta gardama a kan ma'anarsa, ita ba ruwanta. Abin da uwarta ta gaya mata shi ne, ruwa ne yake gangarowa daga tudu, hawa-hawa, ya zo ya yi juyi, ya wuce zuwa gonar gaba. In ka rufe masa hanya ya zama kududdufi, kududdufi kuwa wari yake yi.

Na ce na ji, kuskurena ne, zan warware. Ba na jin kunyar faɗin haka in hujja ta fi tawa. Amma na ce ta dakata, na ɗauko wata babbar riga na nuna mata dagi. Ta matso da fuskarta har tabarau ya cika wayar. Ta tambaya ina ya fara. Na ce ba wanda ya sani. Ta bi shi da yatsa a iska, ta ɓace, ta sake farawa, ta sake ɓacewa. A nan na fara ganin murmushinta.

"Ta ce wannan ma tsohon abu ne, kuma ya yi kyau, amma naka ne. Ta ce ka buɗe nata duka, sai guda ɗaya. Ta bakin hannun dama ka bar ta a rufe, a san wanda ya yi aikin. Kuma gobe war haka za ta kira ta ga inda aka kai."

Na ce ba a ganin aikina sai an gama. Ya fassara. Ta ce gobe war haka, ta kashe wayar.

Warware ɗinki ya fi yin sa wuya, domin farin yadi ba ya mantuwa, in ka ja zare da ƙarfi sai ramin allura ya fito. Na kai rigar gida da rana mai ɗakina ta taya ni, ita da reza, ni da allura. Ƙugiya arba'in da uku muka buɗe. Duk wadda ta buɗe sai ta ce, "Malam, ga wani ruwan ya wuce." Na ce ta kula da yadi.

Kwana huɗu muka yi, kwana huɗu tsohuwar tana kira bayan la'asar. Ranar farko ta sa na ƙara wa ƙugiyoyin gaba tazara. Rana ta biyu ta kira daga gindin bangonta, ta juya wayar ta nuna mana. Doguwar katanga ce, ga masara ta fi mutum tsawo, ga mata suna niƙa a dutse, ga ma'aikatan gona da huluna masu faɗi, ga wani ƙaton maciji mai gashin tsuntsu ya ratsa sama. Ni dai idona gefe ya tafi, domin can ne sana'ata. Gefen kuwa fari ne fat, ba a taɓa shi ba, tun daga wannan kusurwa har waccan. Na ce wa Maksiki ya tambaye ta ko fenti ne ya ƙare. Bai fassara ba. Ya ce, "Ya ammi, gefe aikina ne," ya juya yana gyara kwalin dabino da ba abin da ya same shi.

Rana ta uku maganar riga ba ta wuce minti biyar ba. Daga nan ya fita da wayar ya zauna a kan baƙin dutsen da ke ƙofar shago, suka yi ta magana har aka kira magariba. Ban san abin da suke cewa ba. Na dai ji muryarta tana tashi tana sauka, faɗa take yi masa, shi kuwa sai washe baki yake kamar wanda aka yi wa kyauta. Likita ya ce, "Baba, ban taɓa ganin wanda ake wanke wa kai yana murna haka ba." Na ce shekara uku ba a wanke masa ba.

Rana ta huɗu na goge rigar, na naɗe, na sa ƙyallen kakarsa a sama, na miƙa masa. Ya tafi.

Bayan kwana tara likita ya shigo da wayarsa a hannu ya ajiye mini a kan tebur. Hoto ne. Maksiki a kan tsani, da farin tob ɗin, jan aikin ya fito ras a wuyansa, yana riƙe da burushi yana jan matakala a gefen bango. Tsohuwar tana ƙasa ta riƙe masa tsanin da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana nuna masa wani wuri, bakinta a buɗe. Na ce likita ya ƙara girman hoton. A hannun dama na rigar, dab da ƙugiyar da na bari a rufe, ga shuɗin fenti ya kai girman kwabo.

Da ya dawo Madina ya zo da rigar a jikinsa. Na kama hannun na duba. Na ce, "Kwana goma sha biyar na yi a kan rigar nan. Mutum ya hau tsani da farin tob?"

"Ita ta miƙo mini burushi a gaban mutane, ya ammi. Ba lokacin canza kaya."

Na ce ya tuɓe ya bar mini, akwai abin da nake sawa ya fitar da fenti. Ya janye hannunsa ya ce a'a. Na sake cewa, ya sake ƙi. Na ce to ya zauna ya sha shayi, ya ba ni labarin tun daga saukarsa jirgi, kada ya tsallake komai.